Abin da Na Sa Masa a Miya

Laraba, 3 ga Janairu, 2024

An sallamo Abdul-Mumin yau, bayan kwana tara a asibiti. Ga shi can a ɗaki, ƙafar hagu a kan matashi biyu. Shekara ashirin mijin nan nawa yana jan babbar mota daga Tema zuwa Paga, ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da shi ba, sai ga gudan jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, wani ɓangaren ya ɓalle ya tafi huhu. Likita ya ce yawan zama wuri ɗaya ne. Ya ce da mun ƙara kwana guda a gida muna shafa man zafi, da yanzu wani zancen ake yi. Ni ce mai shafa man zafin.

Sun ba shi ƙwaya, wafarin, zai sha kullum da yamma har wata shida, kuma duk Laraba a ɗibi jininsa a duba. Likitan ya yi ta zuba Turanci da sauri. Sista Lamisi, nas ɗin da ta kula da shi, ita ta juya mini da Hausar kasuwa, tana ce mini "ka" kamar kowa a garin nan: "Anti, ka ji? Maganin nan zai sa jini ya yi ruwa-ruwa. Haka muna so."

Na ce to, na yi godiya. Amma tun daga ƙofar asibiti har unguwarmu Bulpiela maganar ba ta bar kunnena ba.

Juma'a, 5 ga Janairu

Haka aka ce da Mma, mahaifiyata. Ina 'yar shekara goma sha huɗu matan unguwa suka ja fatar idonta ƙasa, suka ga fari fat, suka ce jininta ya zama ruwa. Ba ta ƙara wata biyu ba.

Yanzu kuma ni ce da hannuna zan riƙa miƙa wa mijina abin da zai mayar da nasa ruwa. Na san likita ba zai cuce shi ba. Amma likita ƙafa yake dubawa. Wa ke duba abin da maganin ke cinyewa a ciki? Tsoro nake ji, kuma ba wanda zan gaya wa bai ce na cika zaƙewa ba.

Sau uku yau ina jan fatar idonsa. A na ukun ya ce, "Mashudatu, rago kike tayawa ne?"

Litinin, 8 ga Janairu

Na je lambunan Gumbihini sayen ayoyo, wato lalo, wajen Wumpini, wanda nake sayen ganye a hannunsa tun kafin in fara furfura. A gefen kabejinsa na ga wani abu kore shar, dunƙule-dunƙule, kamar an ƙanƙantar da bishiyar mangwaro. Burokoli sunansa. Bana ya fara shuka shi saboda wani otal da Turawa ke sauka, kuma sai da sanyi yake yi. Otal ɗin manyan kawuna kawai suke ɗauka, ƙananan suna nan jibge a kwando.

Na gaya masa halin da muke ciki. Ya ce, "Madam tela, wannan ba ganye kawai ba. Magani yana ciki. Yana ƙara jini, yana wanke jini sosai paa. Bature ba ya cin abu banza." Ya cika mini leda, ya ce in gai da mai jiki, in kuma dawo duk lokacin da ya ƙare.

Talata, 9 ga Janairu

Na ajiye ɗinkin mutane, na zauna da waya tun hantsi. Turancina na aji uku na sakandare ya sha wahala yau.

Abin da na gane: akwai sinadarai biyu a cikin burokoli, kowanne da ɗakinsa, ba sa haɗuwa sai an yanka ko an tauna. Ɗayan gulukorafanin, ɗayan mirosines. In sun haɗu sai su haifi na uku, salforafen, kuma shi ne ake ta yayi. Shi ke ba shi wannan ɗan warin, wai da shi shukar ke korar ƙwari. A jikin mutum kuma an ce yana tada abubuwan da ke kare jiki da share datti. Zafi yana kashe mirosines, don haka sai a yanka a bar shi ya huta wajen minti arba'in, sannan a dafa sama-sama. Ga bitamin C, ga folet wanda jiki ke amfani da shi wajen yin jini. A nan na yi hamdala.

Can ƙasan rubutun an ce yawancin gwajin salforafen a kan ɓeraye aka yi, a kan mutane ba a gama tabbatarwa ba. Wannan layin da sauri na wuce shi.

Matsalar ita ce Abdul-Mumin, mutumin da ko taliya yake kira abincin yara. In ya ga bishiya a kwanonsa ba zai taɓa ba. Na yanka shi ƙanana-ƙanana, na bar shi ya huta, na zuba a miyar ayoyo daf da saukewa, ban sa kanwa ba, na ƙara daddawa ta rufe warin. Ya cinye tuwonsa tas.

Alhamis, 11 ga Janairu

Jiya lambar jininsa biyu da ɗigo biyu, an ce ta yi daidai. Yau kawuna biyu na yanka.

Laraba, 17 ga Janairu

Ɗakin likitan ƙarami ne, mara lafiya kaɗai ke shiga, ni ina waje a benci. Ya fito fuska ba walwala. Ya ce lambar ta sauka, ɗaya da ɗigo huɗu, an ƙara masa rabin ƙwaya. Abdul-Mumin in ana son labari a bakinsa sai an haɗa da ƙugiya, iyakar abin da na samu ke nan.

Lamba ta sauka, ai jini ne ya sauka, me kuma zai sauka? Duk da abin da nake ba shi. Ashe da ban fara ba da yanzu ina muke? Kuma ga shi an ƙara maganin da ke cinye shi.

Asabar, 20 ga Janairu

Rana da yamma yanzu. A miyar ayoyo, a miyar alefu, wato alayyahu, har a cikin ƙwai da safe. Na ƙara da zogale. Kwana biyu-biyu nake zuwa Gumbihini, Wumpini har ya fara kirana dokta.

Gidan duk warin abin yake. Abdul-Mumin ya ce a duba kwatar bayan gida.

Laraba, 24 ga Janairu

Ɗaya da ɗigo uku. An sake ƙara ƙwaya. Likita ya ce masa a fili bai yarda yana shan maganin ba, kuma in ya ci gaba da wasa, gudan jinin zai dawo, wannan karon ba lallai ya ba da lokacin zuwa asibiti ba.

Maganar ta kai kunnen wansa, Alhaji Mutawakil. Da la'asar ya taso daga Lamashegu, ko zama bai yi ba ya fara. Direbobi ba sa jin magana, girma ya zo hankali bai zo ba, so kake ka bar mace da yara. Abdul-Mumin ya sunkuyar da kai, ya rantse sau ɗaya cewa yana sha.

Bayan tafiyar Yaya ni ma na ɗora nawa. Ranakun da na fita da yamma fa, wa ya gani? Na zazzage kwalbar a faranti na ƙirga ƙwayoyin a gabansa. Sun cika daidai. Na ce ai ana iya zubarwa a masai. Ya dube ni, ya daɗe yana kallona, ya ja sandarsa ya tafi masallaci.

Abu guda ya ɗaure mini kai. In maganin ne ke cinye jini, me ya sa rashin shansa zai saukar da lamba? Na so in kira Sista Lamisi, na fasa. Kar a ce matar direba ba ta san komai ba.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na auna ƙaurinsa da tef ɗin ɗinki yana barcin rana. Na hagu ya fi na dama da rabin inci. Ko dama haka yake? Ban sani ba, ban taɓa aunawa ba. Duk tarin da ya yi sai in leƙa ɗakin.

Laraba, 31 ga Janairu



A benci na zauna kusa da wata tsohuwa, Mma Azeta, shekararta shida tana shan irin maganin saboda zuciya. Hira ta kai mu ga abinci, na fara yi mata bajinta, ina lissafa abin da nake ba maigida. Ta kama hannuna. "Yarinya, ganye da yawa yana kashe maganin nan. Jini yana koma kauri. Ba a gaya maka ba?"

Na yi dariya, na ce wannan ai ba irin ganyen da ta sani ba ne. Amma tuni na sha jinin jikina.

Sai ga shi ya fito yana murmushi, karo na farko a wata guda. Biyu daidai. Ƙarin ƙwayar ya yi aiki, an ce ya riƙe haka, sai bayan mako biyu ya dawo. A cikin yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, yana ta ba ni labarin yadda likita ya yaba masa, ni kuwa ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Na duba. Gaskiyar tsohuwa ce. Bitamin K. Yana nan a burokoli, yana cikin ayoyo da alefu da zogale, kuma aikinsa taimaka wa jini ya daskare. Shi wafarin aikinsa tare wa bitamin K hanya. Wato likita na ja, ni ina ja, mijina a tsakiya. Lambar ma a juye na fahimce ta: in ta sauka, jinin ne ke saurin daskarewa. Mako uku ina tura shi wajen abin da ya kusa kashe shi, da ludayi, ina jin ni gwana ce. A shafin da na karanta ranar farko ma akwai gargaɗin, can ƙasa da layin ɓerayen.

Ya kamata in gaya masa. Na shiga ɗakin sau biyu. Na tuna farantin ƙwayoyi da maganar masai, na tuna Yaya a tsaye a kansa. Na tambaye shi ko zai sha shayi.

Ba sai kowa ya sani ba. Zan gyara da kaina. Na kwashe sauran burokolin na zubar wa awakin maƙwabta. Daga yau ba kore a tukunyata, ko ayoyo. Miyar gyaɗa, miyar tumatir, shi ke nan.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Wumpini ya zo har gida a kan keke da leda cike, wai ya ga kwana huɗu dokta ba ta zo ba. Na tare shi a ƙofa kafin Abdul-Mumin ya ji, na ce ya tafi da kayansa, ba ma so. Da kakkausar murya na faɗa. Bawan Allah ya tsaya yana kallona, ya ɗaure ledar a bayan keke ya juya. Shi me ya yi?

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Jini a asuwakinsa da safe. Ya ce icen ne ya yi tauri.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Wani shaci baƙi-baƙi a damtsensa, faɗin tafin hannuna. Bai tuna ya bugu da komai ba. Na ce wa kaina Laraba ta kusa, kwana huɗu ne. Na kasa cin abinci. Na ɓata wuyan rigar wata amarya, sai da na farke sau biyu.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ina rubutu a barandar asibiti, bayan azahar.

Jiya da safe yana alwala hancinsa ya ɓalle. Mun danne, mun sa ƙanƙara, tawul ya jiƙe, jinin bai tsaya ba. Sai a lokacin ya gaya mini tun shekaranjiya fitsarinsa kalar zoɓo yake. Na kira Yaya Mutawakil ya zo da mota. A hanya ina riƙe da kansa ina karanta duk abin da ya zo bakina, kuma a raina na riga na ga gidan cike da masu gaisuwa.

Bakwai da wani abu lambar ta kai. Jinin ya tsinke fiye da kima. Wannan karon na shiga, ba wanda ya hana ni. Likita yana tambaya, Sista Lamisi tana juyawa. Ya ninka ƙwaya ne? A'a. Ya sha jiƙo ko wani maganin gargajiya? A'a. Yaya ya saka baki, wai da can ƙin sha yake, yanzu kuma ya koma haɗiya ba lissafi, shi ya gaji da wannan yaro. Mutum mai shekara arba'in da tara, auduga a hanci, ana ce masa yaro.

Likita ya tambayi abinci. Abdul-Mumin ya ce, a hankali saboda audugar, "Ranar sallama an ce kar in canza abinci. Ban canza ba. Abin da iyalina ta ba ni nake ci."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ni ce. Na faɗi komai, tun daga ledar farko har awakin maƙwabta, da ranakun, da yawan kawunan. Na ce bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Muryata kamar ba tawa ba.

Likitan bai yi faɗa ba, har gara ya yi. Ya ce yanzu lissafin ya fito: ganyen ya danne maganin, suka ƙara ƙwaya don ta rinjaye shi, ni kuma na janye ganyen rana ɗaya na bar ƙwayar ita kaɗai da ƙarfinta. Ya ce da na yi magana ranar da na gane, da sun rage ta a ranar.

Sun dakatar da wafarin, suka sa masa wani magani ta jijiya. Na tambayi Lamisi mene ne. Ta ce bitamin K. Na zauna a ƙasan tayil na yi kuka, har da wata dariya mara daɗi a ciki.

Jinin ya tsaya jiya kafin la'asar. Yau lambar ta sauko.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Lamisi ta same ni a baranda, ta tambayi abin da ya sa na fara tun farko. Na ba ta labarin Mma. Ta dafe kai. Ta ce ruwa-ruwan da take nufi daban, na Mma daban: na Mma ƙarancin jini ne, shi kuwa Abdul-Mumin jininsa bai taɓa raguwa ba sai wanda ya zubar ranar Litinin. "Anti, Hausa na ne ya gaza. Amma kai ma, lamba na yana waya naka."

Ta ce ba a hana shi ganye ba, burokolin ma abinci ne mai kyau, sai dai abinci ne, ba a ɗora masa aikin magani. Abin da ake so ya riƙa cin gwargwado ɗaya kullum, sai su daidaita ƙwayar a kan haka. In zan canza wani abu, in faɗa.

Shi kuwa tun Litinin sai gaisuwa. Ɗazu ina gyara masa matashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar da kika ƙirga ƙwayoyin, kin sani?" Na ce wallahi a'a, sai bayan mako guda. Ya ce, "Da kika sani fa?"

Na tsaya riƙe da matashin. Ya juya fuskarsa bango.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Mun dawo gida tun Asabar. Yaya ya zo jiya ya ba ƙaninsa haƙuri a gabana, ni ko kallo ban ishe shi ba. Na cancanta.

Na je Gumbihini na roƙi Wumpini gafara. Ya ce ba komai, ya ɗauka zafin jinya ne. Zafi ya shigo, burokolin duk ya yi fure rawaya, bana ya ƙare. Na sayi ayoyo. Ludayi ɗaya a kwanonsa, rana da yamma, ba ƙari ba ragi.

Shirun nan nasa ya fi jinin ba ni tsoro.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ranar Laraba lambar biyu da ɗigo huɗu. Tare muka shiga, na yi tambaya har uku, likita ya amsa duka. An mayar da shi kan ƙwayarsa ta farko.

Yau da azahar na ajiye masa tuwo. Ya wanke hannu, ya gutsura, ya tsaya. Ya ɗago ya ce, "Mashudatu, me ke cikin miyar nan?"

Shekara goma sha tara ina dafa masa abinci, yau ne karo na farko da ya tambaya. Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba. Na ja kujera na zauna, na lissafa masa: ayoyo ludayi ɗaya, busasshen kifi, daddawa, albasa, barkono, gishiri, kanwa kaɗan. Ya saurara har ƙarshe, ya yi bisimilla ya ci. Can ya ce gishirin bai ji ba, in miƙo. Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi cikin mako biyu.

Ina jin gobe ma zai tambaya, da jibi, wataƙila har iya rayuwarmu. Ban ce na ji daɗi ba. Amma na zuba nawa na ci a gefensa, har na ƙara.